Dilar da Yaya Babba Ta Saya

Duk dangin nan ba wanda bai san Yaya Babba da gwanjo ba. Labulen falonta na gwanjo ne, zannuwan gadonta na gwanjo ne, takalman da mijinta ya yi ta taka birki da su har ya ajiye tuƙi duk na gwanjo ne. Kuma ba ta ɓoyewa. Sai ma ta tare ka tun daga ƙofa ta ce taɓa ka ji. In ka taɓa ka ce kai, wannan yadi ne, sai ta ce to faɗi nawa na saya. Duk abin da ka faɗa sai ta kwashe da dariya har da buga cinya, ta ce ko rabin rabinsa bai kai ba. Da wannan dabara ta yi rainon 'ya'ya biyar a kan albashin direba, kuma ba ɗan da ya taɓa tafiya makaranta da gwiwa a waje.

Ta haka ta zama idon dangi. Wadda ta haihu, wadda yaronta zai shiga makaranta, wanda ya sami aiki yana neman rigar zuwa ofis, duk ƙofarta ake bugawa. Ita kuma sai ta ja aji, ta ce ƙafa na damunta, a roƙe ta, a kawo mata lemo mai sanyi, sannan ta yafa mayafi ta ja mutum a baya zuwa rumfar Baragi.

Baragi shi ne mai gwanjon da ke ƙarshen layin 'yan takalma. Bakinsa ne ya ja masa sunan, don ko sannu ka ce masa sai ya ce ba ragi, daga baya kuma ya rage. Yana da tsarinsa. Ranar da zai fasa sabuwar dila, kafin ya yanke ƙarafan da aka ɗaure ta da su, mutum ɗaya tak yake kira a waya. Shi ake ce wa hannun farko. Ya shiga bayan rumfa, a saki labule, ya zaɓi son ransa cikin natsuwa, sannan a kwaso ragowar a zube a gaba mata su yi wawaso. Shekara da shekaru hannun farko na Yaya Babba ne. Ko da ba ta da kuɗin sayen komai sai an jira ta ta zo ta jujjuya kayan ta yatsina fuska, sannan kasuwa ta buɗe.

Sai maganar Auta. Auta ƙanwarta ce ciki ɗaya, Yaya Babba ce ma ta goya ta. Amma tun suna yara Auta ce mai gashi, Auta ce mai wushirya, Auta ce baƙi ke tambayar wannan 'yar wa ce, alhali Yaya Babba na can tsugune tana wanke kwanukan da baƙin suka ci abinci. Da suka girma Yaya ta auri direba, Auta ta auri manajan kamfani. Gida mai bene, mota a ƙofa, kaya sai na kanti da ledarsu. In ta zo gidan yayarta sai ta shafa labule da ɗan yatsa ɗaya ta ce, "Yaya, ke kam kina ƙoƙari." Wannan ƙoƙarin ya fi zagi ciwo a wajen Yaya Babba. Takan kwana biyu tana jin zafinsa.

To, kamfanin ya rufe. Manaja ya dawo gida ya zauna, sunan kawai ya rage masa. Aka sayar da mota, aka sauko daga bene zuwa ɗaki biyu na haya. Wata safiya sai ga Auta a ƙofar yayarta, ba jan baki, ba gwal, tana murza bakin mayafi.

"Yaya, takalman 'yan biyu sun mutu. Ki kai ni wajen mutuminki."

Yaya Babba ta yi salati, ta ce Allah sarki, duniya kenan, har da share ido. Amma can cikin cikinta wani sanyi ya sauka mai daɗi, irin na ruwan randa da tsakar rana. Ranar ƙafa ba ta yi ciwo ba. Kafin Auta ta zauna ma ta yafa mayafi.

Tun a mota ta fara karatu. Da ƙarfi kuma, yadda na kujerar baya za su amfana.

"Ki buɗe kunne, nan ba kanti ba ne. Riga, ki juya cikinta, ki duba wuya, ki shinshina hammata. Ki ɗaga ta a rana, in kin ga haske ya ratsa ta ki jefar. Takalmi ki lanƙwasa shi, in ya yi ƙara ya sha rana. Babbar doka kuwa, abin da kike so kar ki kalle shi sau biyu. Kar ki yi masa murmushi. Kar ki tambayi komai a kansa, tambaya ita ce ke nuna kina so. Ki zage shi tas, ki ce wannan tsumman ko goge ƙafa ba zai yi ba, ki juya ki tafi. Shi zai kira ki."

"To, Yaya."

"Ba to Yaya ba. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Yaya."

Ba ta ji ba. Suna isa Auta ta ɗaga wata jaka ja ta buga ihu, "Wayyo Yaya, dubi! Irinta na saya bara, wallahi kuɗinta ya ninka wannan sau goma!" Yaya Babba ta taka mata ƙafa, ta mintsine ta a cinya, ina! Baragi ya washe baki har kunne. Auta ta saya a yadda ya faɗa, ko tayi ba ta yi ba. A hanyar dawowa Yaya ta yi ta faɗa, ta ce kin zubar min da mutunci, kin ɓata min kasuwa, mutum kamar a kansa aka fara ganin jaka. Amma faɗan na jin daɗi ne. Da ta isa gida ta ce wa mijinta, "Malam, yarinyar nan ba za ta taɓa iyawa ba." Ta faɗa tana murmushi, ta ƙara masa sukari a shayi ba tare da ya roƙa ba.

Abin da Yaya Babba ba ta lissafa da shi ba shi ne wayar Auta. Talauci ya ɗauke mota da bene, amma bai goge lambobin matan manya da ke cikin wayar nan ba. Auta ta wanke jar jakar, ta goge ta da mai, ta ɗora ta a kan farin zani ta ɗauki hoto. Kafin la'asar wata tsohuwar maƙwabciyarta ta aiko direba ya karɓa. Su waɗannan matan ba za su taka layin 'yan takalma ba ko da za a yanka su, amma in abu ya fito daga hannun Auta sai su ce ai na waje ne. Auta ta koma wajen Baragi ita kaɗai. Ta sake komawa. Tana yabon kaya, tana dariya, tana ce masa ranka ya daɗe, tana kwasar jakunkuna da riguna a buhu, ba ta zagin komai.

Yaya Babba ba ta san wainar da ake toyawa ba sai wata ranar fasa dila. Ta yi wanka da wuri, ta ajiye waya a kan cinya tana jira. Rana ta ɗaga, waya shiru. Ta girgiza ta, ta ba jikanta ya duba ko ta lalace, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai can wajen hantsi kiran ya shigo.

"Mama, kaya sun iso, ki zo ki sa albarka."

Ta je, aka saki labule, ta tsuguna gaban dila. Hannu ɗaya ta zura ta gane. Kayan dila in an fasa su yanzu a manne suke, sai ka ɓamɓaro su kamar fatar albasa. Waɗannan kuwa sun sha iska, an ɗaɗɗaga su an mayar, har da wata riga da aka ninke hannayenta a baya, irin ninkin kanti. Sannan ga wani ƙamshi a bayan rumfar da ya danne warin gwanjo. Ta san turaren. Shi kaɗai ne Auta ba ta sayar ba.

Ta ɗago a hankali. "Baragi, wa ya riga ni?"

"Haba Mama, wa zai riga ki?"

"Ka kalle ni. Na haife ka."

Ya sosa ƙeya, ya kalli rufin kwano. "Ai duk gida ne, Mama. Anti ce ta ɗan leƙo da sassafe. Ita kin san tana ɗiba da yawa, kuma ba ta..."

"Ba ta me?"

"Ba ta zagina, Mama. Ke shekara nawa kina ce wa kayana tsumma? Ni ma ina da zuciya."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce tsumman ne ai, ta fita. Ta yi tafiyar nan tata ta a kira ni, a hankali, kunne a baya. Har ta kai bakin layi ba wanda ya kira ta.

Da wannan kaɗai ne da ta haɗiye. Sai ga 'yar ƙanenta, wadda ta sami aikin sakatariya a wani ofis, ta shigo gaishe ta ranar hutu. Yarinyar da tun tana zanin goyo Yaya Babba ke zaɓa mata kaya. Ta shigo da siket da 'yar kwat ruwan toka, jaka a kafaɗa, takalmi na ƙwas-ƙwas.

"Gwaggo, ya kika gani?"

Yaya Babba ta kama bakin kwat ɗin ta murza. Ta so ta sami aibu, ta duba wuya, ta duba maɓalli. Babu.

"Wa ya kai ki?"

"Ba wanda ya kai ni. Gwaggo Auta ce ta turo min hotuna na zaɓa ina kwance. Na ce kar na wahalar da ke, ga ƙafarki."

"Ƙafata ta kawo miki ƙara ne?"

Yarinya ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta ƙara da cewa ai yanzu kowa wajen Gwaggo Auta yake zuwa, har matar Kawu ta sayi labule. Wallahi Gwaggo Auta akwai ido.

Akwai ido. Yaya Babba ta kasa cin abincin rana. Ta zauna a bakin gado tana huci, mijinta na gefe yana gyaran wata tsohuwar fitila. Shi Direba mutum ne da ya koyi zaman lafiya a kan titi, in ya ga babbar mota ta taho sai ya ba ta hanya.

"Malam, ka ji wai Auta ce mai ido."

"Uhm."

"Yarinyar da ko tayi ba ta iya ba. Ni na kai ta. Ni na nuna mata hanya da ƙafata mai ciwo."

"Ai alheri kika yi."

"Kai dai ba a hira da kai."

Kwana da kwanaki tana saƙa da warwara. Ta yi tunanin ta je ta gaya wa matan manyan nan cewa abin da suke rataye da shi daga layin 'yan takalma ya fito, sai ta tuna ba ta san gidan ko ɗaya ba. Ta yi tunanin ta riga Auta zuwa rumfa tun da asuba, sai ta ga ai zubar da girma ne ta tsaya layi a inda ake kiranta. Can dabara ta faɗo mata. Hannun farko ai a kan dilar wani ne. In dilar taka ce, wa zai riga ka?

Akwai gwangwanin madara a ƙasan akwatinta, inda take tara duk abin da ta rage a kasuwa. Shekaru tana tarawa don firji, na hannu mana, har ta ga wanda take so a shagon mai gyara. Direba ya fi ta ɗokin firjin nan, kullum zancensa ruwan sanyi. Ta juye gwangwanin a jaka ba ta gaya masa ba, ta hau mota zuwa sito, can bayan tasha, inda su Baragi ke saro kaya.

Ba ta taɓa shiga sito ba. Wuri ne dogo mai duhu, diloli jibge har rufi, kowace an naɗe ta da buhu an ɗaure da ƙarafa, an yi mata rubutu da baƙar tawada a gefe. Maza na ta shige da fice da kaya a ka. Mai siton, wani mai tumbi da biro a bayan kunne, ya taso.

"Hajiya, sannu da zuwa. Wane iri ake so? Akwai na mata, akwai na yara, akwai..."

"Kallo na zo yi."

Ta bi layi tana taɓawa tana yatsina. Rubutun ba ta san abin da yake cewa ba, kuma ba ta ga dalilin sani ba, ita da hannunta ke karatu. A can lungu ta ga wata dila, ba ta kai sauran girma ba, ƙura ta rufe ta, kusurwarta ɗaya ta ɗan yage. Ta juya wa mai sito baya, ta zura yatsu biyu a yagewar. Santsi, sanyi, laushi kamar cikin kunnen jariri. Ta ɗan jawo bakin, ta ga shuɗi mai ɗigon zinariya yana sheƙi. Ta tura shi ta jawo wani, ja mai ratsi. Siliki ne, na gaske, dila guda! Ta hango rigunan mata, ta hango gyale, ta hango fuskar Auta.

Ta ɓata fuska ta koma kamar wadda ta taka kashin kaza.

"Wannan matacciyar fa, da ɓeraye suka fara ci, nawa za ka yar da ita?"

Mai sito ya kalli dilar, ya kalle ta. "Hajiya, kin san ko mene ne a ciki? Wannan ai..."

"Kar ka koya min sana'ata. Tun kana tsumman goyo nake wannan harka. Nawa?"

Ya faɗa. Ta yi tsaki, ta taya rabi, ta juya za ta tafi. Ko taku uku ba ta yi ba ya ce kawo. Da a rumfa ne, saurin nan da ya sallama da ya sa ta tsargu. Amma zuciyarta na can gida tana shirya taro. Ya sake buɗe baki, "Hajiya, don Allah dai, ba a dawo da kaya in an fasa." Ta ce wa ya ce maka zan dawo? Har ɗan dako ya ba ta kyauta ya kai mata bakin titi.

Direba ya ga an shigo da dila ana nishi, ya ga gwangwani a buɗe a kan gado. Ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Firjin kenan?"

"Firji biyu ne a nan ciki, in ka yi haƙuri."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ta aika wa kowa. Matar Kawu, Sakatariya, 'ya'yanta mata da surukanta, maƙwabta na dama da na hagu. Ta ce ranar Asabar za a fasa dila a falonta, kaya ne da ba a taɓa gani a kasuwa ba. Auta kuwa ita ta kira da kanta.

"Ki zo ki gani. Amma ki sani, sai kowa ya gama zaɓa za ki taɓa. Ke ai kin saba da na farko, yau ki ɗanɗana na ƙarshe."

"To, Yaya. Allah ya sa albarka."

Asabar falo ya cika har ƙofa. An ture kujeru jikin bango, an shimfiɗa tabarma, dila na tsakiya kamar amarya. Yaya Babba ta ci ado, ta karɓo almakashin yankan kwano daga maƙwabci. Auta na can bakin ƙofa a rakuɓe, inda aka nuna mata. Sai da Yaya ta yi jawabi tukuna, ta ce ido ba a saya a kanti, ba a kuma ɗaukarsa a hoto. Ta kalli ƙofa da ta faɗi haka. Sannan ta datse ƙarfe na farko, na biyu, na uku. Dila ta yi numfashi ta kumbura, buhu ya dare.

Suka zubo kamar macizai. Dogaye, sirara, masu faɗin kai, ja da shuɗi da kore, mai ɗigo da mai ratsi. Yaya Babba ta ɗaga ɗaya, ta juya shi, ta nemi hannun riga ba ta gani ba. Ta zura hannu har kafaɗa ta tono na ƙasa. Duk su ne.

Sakatariya ce ta fara magana, da 'yar murya. "Gwaggo, laktaye ne. Irin wanda maza ke ɗaurawa a wuya in sun sa kwat."

"Na san ko mene ne!"

Sai matar Kawu, wadda dama ba ta iya riƙe dariya ko a gidan makoki, ta ce, "To Yaya, mu da muka zo da kuɗin zani, a wuya za mu ɗaura ko a ƙugu?" Shi kenan aka ɓarke. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki, wata ta ɗaura ɗaya a ka tana taka rawa, wata maƙwabciya ta ce a ba ta biyu ta ɗaure akuyarta, dama igiya ta tsinke. Direba ya leƙo ta taga, ya kalli tulin, ya ce, "Firjin ya yi kyau," ya janye kansa.

Da ɗaya da ɗaya suka zame, kowa na cewa ta bar tukunya a wuta. Kafin su kai bakin titi labari ya riga su. Falo ya rage daga Yaya Babba sai Auta sai tulin laktaye.

Auta ba ta yi dariya ba, wannan ma ya ƙara ƙona ran yayarta. Ta matso ta tsuguna, ta ɗauki ɗaya ta duba bayansa.

"Yaya, masu kyau ne fa. Da kin tambaye ni..."

"Da na tambaye ki! Ke wa? Ni zan tambaye ki gwanjo?" Muryarta ta fashe. "Kin fi ni gashi, na yi shiru. Kin fi ni miji, kin fi ni gida, na yi shiru. Kin zo kina shafa min labule da ɗan yatsa, na haɗiye. Bola ɗaya da Allah ya bar min nake tsinta a kai, ita ma sai da kika hau kika zauna? Ko talaucin ma sai kin fi ni iyawa?"

Auta ta saki baki. Idonta ya kawo ruwa. "Yaya, da jakunkunan nan muke cin abinci. Baban 'yan biyu tun da aka rufe kamfani ko sabulu bai sayo ba. Ni ban san gasa muke ba."

"Ai ba za ki sani ba. Mai cinyewa ba ya sani."

Can Auta ta share fuska, ta jawo buhun da ya dare ta fara cusa laktaye a ciki.

"Bari na gwada a waya. Abokan aikinsa na da duk masu sa kwat ne. In Allah ya yarda kuɗinki zai fito."

Yaya Babba ta juya fuska bango har Auta ta gama ɗaurewa ta kira mai keke.

Satin da ya biyo baya ba ta taɓa shiga irinsa ba. In ta kalli gwangwani wayam sai ta ce Allah ka sa yarinyar nan ta sayar. In ta tuna yadda za a ce Auta ce ta fitar da Yaya kunya, Auta ko igiya ta taɓa sai ta zama kuɗi, sai ta kasa ƙarasa addu'ar. Ta ɗaga hannu ta rasa me za ta roƙa. Waya in ta yi ƙara sai ta rasa wane labarin take tsoro. Ta rame har Direba ya tausaya ya daina zancen ruwan sanyi.

Ran nan da la'asar tana tsakar gida tana tsince shinkafa sai ta ji ana jan abu a soro. Auta ce, gumi sharkaf, mayafi a karkace, tana jan buhu. Buhun bai rage komai ba. Ta sake shi a gaban yayarta ta zube a ƙasa.

"Yaya, na gaji. Ba inda ban tura ba. Abokansa rabi sun rasa aiki kamarsa, rabi sun ce yanzu ba mai shaƙe wuyansa. Matan kuwa har wata ta tambaye ni ko lafiya nake. 'Yan ƙwarori na sayar, su ma ɗaya bashi ne. Baragi ya ce ko kyauta ba ya so."

Yaya Babba ta ajiye faranti. Ta kalli buhu, kuɗin firjinta kenan kwance a ƙasa ba ya motsi. Ta kalli Auta, ƙura har gira, leɓe a bushe. Ta ji wata dariya na taso mata, ta danne, ta danne, ta ƙi dannuwa. Ta yi sauri ta rufe baki da gefen zani kamar mai tari.

"Ashe dai akwai abin da hoto ba ya sayarwa."

"Akwai, Yaya. Ni dabarata ta ƙare. Ke kika san kasuwa, ya za mu yi da su?"

Yaya Babba ba ta da ko ƙwayar dabara. Amma ta gyara zama, ta miƙe ƙafa, ta ce a sake faɗa ba ta ji ba, kunnenta na wannan gefen ya ɗan toshe. Auta ta sake faɗa. Ta lumshe ido ta saurara har ƙarshe.

"To. Ɗauko tabarma. Juye su duka. Ki ware min silikin gaske gefe, na roba gefe."

Auta ta juye, ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa. "Ya ake ganewa?"

"Au, ba ki sani ba? Ke da ake ce wa mai ido?" Ta fizge shi, ta murza a kunnenta, ta jefa dama. "Wannan na gaske. Ba ni wancan. A'a, ba wannan ba, wancan na ce. Kai, yarinyar nan, komai sai an nuna miki."

Ta ɗaga murya ta kira mijinta. "Malam! Aika a sayo wa Auta lemo mai sanyi, ka ga yadda ta sha rana."

Direba ya fito yana laluben aljihu, ya tsaya yana kallon matarsa. Rabon da ya ga haƙoranta a waje haka har ya manta.

"Sayar da su aka yi?"

"Ko kusa," in ji Yaya Babba. Ta tura wa Auta wani tulin da ƙafa. "Yi sauri, rana na faɗuwa."